Sarkin Jijiya da Ƙafar Harsashi

Abin ya faro ne ranar da aka kira mai facin bakin layi asibiti don ya gyara tayar keken marasa lafiya. Aikin bai kai na minti ashirin ba. Amma da ya gama, maimakon ya tattara famfonsa ya kama gabansa, sai ya leƙa ɗakin gashin ƙashi. Can ya ga wani ƙato yana jan roba da ƙafa yana nishi, wata tsohuwa tana tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, likitar kuma tana zagayawa tsakaninsu tana ba da umarni. Ya samu benci ya zauna, ya saki baki da kunne, bai tashi ba sai da mai shara ta zungure shi da tsintsiya.

Da ya dawo rumfarsa, ko zama bai yi ba ya tara maƙwabta.

"Jama'a, an daɗe ana yi mana rufa-rufa," in ji shi. "Shekara bakwai suke kwashewa a makaranta suna koyon abin da na ɗauke a yini ɗaya. Ashe duk roba ce! Ni da na tsufa a cikin roba!"

Mai askin rumfar kusa, wanda shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon layin, ya ce, "To me ya haɗa roba da ƙafar mutum?"

"Me ya raba su? Ƙafa da taya abu ɗaya ne. Duka ƙasa suke takawa, duka suna kumbura, duka in sun tsufa sai sun tsattsage."

Kafin yamma ya samo fenti. A ƙarƙashin allonsa mai cewa ANA FACI ya ƙara da manyan baƙaƙe: SARKIN JIJIYA. Mutanen layi suka ga sunan ya yi tsawo, suka tuɓe masa sarautar suka bar shi da Jijiya.

Wata uku babu wanda ya kawo masa ko ɗan yatsa. In ya hango mai ɗingishi sai ya bi shi har kwana yana yi masa tayi, har wani dattijo ya juyo ya ce masa da haka aka haife shi, kuma yana jin daɗin abinsa.

Sai ga ƙafar Harsashi.

Harsashi ƙanin matar Jijiya ne, tela, a gidansu yake zaune a ɗakin bakin ƙofa. Shi ne ɗan wasan gaban ƙungiyar layin, in ka cire shi kuwa sauran taron mutanen kirki ne kawai masu gajeren wando. Saura kwana shida a buga wasan ƙarshe na kofin unguwanni da 'yan tasha, waɗanda suka lallasa su shekara uku a jere, sai Harsashi ya taka rami a wurin atisaye, ƙafar dama ta turguɗe. Kafin a kawo shi gida idon sawun ya kumbura suntum kamar burodi.

Yayarsa ta kai shi asibiti, Kyaftin yana biye da su yana salati. Likitar nan ta ɗakin gashin ƙashi ce ta duba shi.

"Targaɗe ne, ƙashi bai karye ba," in ji ta. "Kwana biyun farko ka huta. Ka ɗora ƙafar a kan filo, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka sa mata na minti sha biyar, ka cire. Daga nan mu fara juya ƙafar kaɗan-kaɗan, sai takawa, sai jan roba, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Gudu shi ne na ƙarshe. Duk matakin da ya sa maka zafi sosai, ka koma na bayansa. Sati huɗu."

"Likita, wasan fa ranar Asabar ne," in ji Kyaftin.

"To ya zo kallo."

Da labarin ya iso rumfar faci, Jijiya ya yi dariya har ya faɗo daga kan tayar da yake zaune.

"Sati huɗu! Ko tayar tirela ba ta kwana a rumfata! Ita ai tsinta-tsinta take yi, minti sha biyar yau, minti sha biyar gobe. In ka tara su ka yi lokaci guda ai an gama. Lissafi ne. Ku ba ni kwana huɗu, sauran biyun ya yi ta gudu yana jiran Asabar."

Matarsa ta dube shi sama da ƙasa. "Baban yara, ƙafar ƙanina ce fa, ba tayar keke ba."

"Shi ya sa zan yi masa irin na gida, Maman yara."

"Na dai faɗa maka."

Ita malamar makaranta ce, da sassafe take fita. Ranar Litinin tana shan kwana, Jijiya ya faɗa ɗakin Harsashi da bahon da yake gwada tiyub a ciki.

"Tsoma ƙafar."

"Mijin Yaya, na me?"

"Duk abin da ya kumbura akwai iska a ciki. Duk inda iska take akwai huda. Tsoma."

Harsashi yana son buga wasan nan kamar ransa, ya tsoma. Jijiya ya tsuguna ya ƙura wa ruwan ido yana juya ƙafar kamar yadda yake juya tiyub. Can sai ga wani ɗan kumfa ya taso daga tsakanin yatsu.

"Ga ta nan!" Ya zaro alli ya yi wa wurin da'ira.

"Mijin Yaya, sabulu ne. Yanzu na yi wanka."

"Kai ne likitan ko ni?"

Ya naɗe idon sawun da tsohon tiyub, ya matsa da babban yatsa ya ji tauri ya yi daidai. Sai maganar ɗaga ƙafa. Likita ta ce filo ɗaya, filo ɗaya kuma sati huɗu ne. To ina ga silin? Tun asuba babu wuta, fankar sama tana tsaye ƙyam. Jijiya ya taka keken ɗinkin Harsashi, ya ɗaura igiyar shanya a fiffiken fankar, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙafar. Harsashi ya kwanta rigingine a kan tabarma, ƙafarsa tana nuna sama kamar sandar tuta.

Kyaftin ya shigo dubiya, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana kaɗa kai. "Kai, wannan ilimi da zurfi yake."

"Ai ba ka ga komai ba tukuna."

A daidai nan aka kawo wuta. Fankar kuwa a lamba biyar aka bar ta.

Ta yi wani gurnani, ta ja, ta tsaya, ta sake ja. Igiya ta fara naɗewa. Ƙafar Harsashi ta soma zana da'ira a sama, shi kuma ya bi ta yana zagaya tabarma da ɗuwawu yana kiran sunan yayarsa.

"Kun gani?" Jijiya ya daka tsalle. "Juya ƙafa! Mataki na biyu ke nan, ya kawo kansa!"

"Kashe! Kashe!" in ji Kyaftin.

"Bari ya cika goma!"

Bai cika ba. A zagaye na huɗu fankar ta tumɓuke da silinta da komai, ta sauko ta zauna a kan Kyaftin kamar hula. Da ƙura ta lafa, sai ga ƙulu ya fito masa a goshi ya yi kamar ƙwan agwagwa.

Jijiya ya duba ƙulun da idon basira. "Kumburi ne. Sunkuyo ka tsoma kan a baho."

Kyaftin ya fita bai yi sallama ba.

Da matar ta dawo ta ga ramin silin, Jijiya ya ce fankar ce ta gaji ta sauko don kanta. Ta dubi ƙaninta. Harsashi ya tuna Asabar, ya ce shi barci yake yi.

Ranar Talata ta ƙanƙara ce. A ƙarshen layi akwai wata mata mai sayar da ƙanƙara da lemon kwalba, tana da wata doguwar firiza mai murfi biyu. Ta ce wa Jijiya ya kula mata da shago za ta je karɓo saƙo ta dawo. Ko kwana ba ta sha ba ya goyo Harsashi ya kawo shi, ya ɗora kujera a kan tebur, ya ɗora shi a kan kujerar, ya zura ƙafar cikin firiza tsakanin kwalabe, ya ja murfi har ƙwauri, ya toshe gefen da buhu.

"Awa biyu. Na sati guda ke nan a dunƙule."

"Likita ta ce a naɗe a tsumma."

"Tsumma ai shi yake tare sanyin. Mu kai tsaye za mu yi."

Bayan rabin awa haƙoran Harsashi suka fara kaɗawa. "Mijin Yaya, ba na jin ƙafar."

"Alhamdu lillahi! Ciwo ya tafi!"

"Ba ciwon ba. Ƙafar."

"Ai tare suke tafiya, ita za ta dawo ta bar shi can."

Suna cikin haka wata tsohuwa mai raunin gani ta shigo sayen lemo. Ta saba da shagon, ba ta tambayi kowa ba, ta buɗe ɗaya murfin ta zura hannu tana lalube. Ta taɓa wannan kwalba ta ce bai yi sanyi ba, ta taɓa waccan, can ta cafko wani abu mai sanyin gaske. Ta ja. Bai taho ba. Ta shafa shi, ta ji farce.

Ihun da ta yi har tasha an ji shi.

"Gawa! Gawa a firiza! Jama'a, da mutum ake sanyaya mana lemo!"

Kafin ka ce me, shago ya cika. Masu leƙe ta taga, masu ɗaukar hoto da waya, wani har ya fara rantsuwa shi dama ya daɗe yana jin ɗanɗanon lemon ya sauya. Mai ƙanƙara ta kutso ta tsakiyarsu, ta ga ƙato a kan teburinta da ƙafa a cikin sana'arta.

"Jijiya! Shago na ba ka ko asibiti?"

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wankakkiya ce. Jiya ma a baho ta yini."

"Wa zai sake shan lemona?"

"Ai daraja aka ƙara masa. Wannan ƙafar ta ci ƙwallo sha tara a bana."

Ta rarumi sandar goge-goge. Jijiya ya zare ƙafar da sauri, ta fito fari fat kamar kifin da ya shekara a sanyi. Ya ce wa Harsashi, "Miƙe ka nuna musu! Taka!" Harsashi ya taka abin da ba ya ji, ya tafi gaba ɗaya ya rungumi akwatunan kwalabe, suka zube tare. Sandar kuwa ta samu Jijiya sau uku kafin ya kai ƙofa, a ƙofar ya yi karo da matarsa, wadda aka kira ta daga aji aka ce an tsinci ƙaninta a firiza.

Ta tsayar da tasi ta kwashi ƙaninta sai asibiti. Da suka dawo ta tsaya a bakin rumfar faci.

"Likita ta ce sati huɗu ya zama shida. Ta ce in gaishe ka. Ni kuma na ce, in na ga ka kalli ƙafarsa, kallo kawai, a rumfar nan za ka koma kwana da tayoyinka."

Jijiya ya jira ta shige gida, sannan ya juya ga Kyaftin, wanda ke zaune da ƙulunsa ya yi tagumi.

"An sace min marar lafiya ana gab da nuna. Kwana biyu suka rage."

"Mun shiga uku," in ji Kyaftin. "Ba Harsashi, ba kofi. 'Yan tasha har sun sayi kyallen goge shi."

"Harsashi nawa ka rasa?"

"Ɗaya mana."

"In na ba ka sha ɗaya fa?"

Kyaftin ya ɗago. Bugun fankar nan dai da alama ya taɓa wani abu a ciki, domin ya tsaya ya saurara.

"Ƙarfin wata shida zan ɗura musu a yini ɗaya," in ji Jijiya. "Gobe da safe kowa ya zo da gajeren wando."

Ranar Laraba ƙungiya ta hallara a gaban wani bene mai hawa uku da ba a gama gininsa ba. Ga mahauci, shi ne gola. Ga mai walda, ga direban bas, ga malamin lissafi, ga mai wanki da guga, da sauransu, yawancinsu tumbi ya riga su isowa. Jijiya ya zauna a kan taya a inuwa, usur a wuya.

Malamin lissafi ya ɗaga hannu. "Ba za mu ɗan ɗumama jiki ba tukuna?"

"Kai shayi ne?"

"Na ji an ce ana farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako."

"Masu mako ke nan. Mu kwana uku gare mu. Daga ƙarshe za mu fara."

Ya rataya wa kowa tayar mota a wuya. Tsallen kwaɗo, daga ƙasa har hawa na uku, sau ashirin. A zagaye na biyu direban bas ya fara kiran mahaifiyarsa da ta rasu shekara goma. A na biyar mai wanki ya ce yana ganin taurari da rana tsaka.

"Zafi! Cinyata zafi!" in ji mai walda.

"Lalaci ne yake fita! Ci gaba!"

"Ruwa fa?"

"Ruwa nauyi ne!"

A zagaye na tara tayar mahauci ta suɓuce daga hawa na uku. Ta gangaro matakala tana tsalle, ta share ƙafafun mutum huɗu, ta fita ƙofa, ta miƙe titi kamar an aike ta. Ta bi ta tsakanin ƙafafun wani mai tallan tabarau, ta kifar da teburin mai kankana, ta shige shagon mai ƙanƙara ta zauna a gindin firiza. Daga nesa suka ji muryarta: "Jijiyaaa!"

"Kada ku juya," in ji Jijiya. "Mataki na gaba: roba."

Ya ɗaura tiyub ɗin tirela a jikin turken lantarki, ya zura ɗaya bakin a ƙugun mahauci, ya ce ya yi gudu iya ƙarfinsa. Mahauci mutum ne mai zuciya. Ya ja, ya ja, tiyub ya miƙe har ya yi siriri yana kuka. Sai ƙafarsa ta zame a kan yashi. Tiyub ya karɓi abinsa. Mahauci ya dawo da baya a guje ba da son ransa ba, ya kwashi malamin lissafi a hanya, su biyu suka rungumi turken.

Malamin lissafi yana kwance ya ce, "Wannan wane mataki ne?"

"Haɗin kai," in ji Jijiya, ya busa usur.

Ranar Alhamis layin ya tashi da abin kallo. Kyaftin ya kasa ɗaga hannu sama da ƙugu, sai dai mai son aski ya zauna a ƙasa dirshan. Mahauci ya kasa ɗaga wuƙa, yana nuna wa masu saye inda za su yanka da haɓa. Malamin lissafi ya yini yana rubutu a gindin allo, yara suna kwanciya su kwafa. Direban bas kuwa sai da fasinjoji suka ɗauke shi suka ɗora a kujera kamar buhu.

Wajen hantsi matan 'yan wasa suka yo gayya suka cika rumfar faci.

"Me ka yi wa mijina?" in ji matar mai walda. "Tun safe yake ban ɗaki. Ya tsuguna ya kasa tashi. Ta taga muke miƙa masa shayi."

"Nawa ko atishawa zai yi sai ya yi kuka," in ji matar mai wanki.

Jijiya ya gyara zama. "Ku yi murna. Ƙarfi ne yake shiga, yana neman wurin zama. Gobe in an maimaita zai daidaita."

"A maimaita?"

"Maganin tsamin jiki ai ƙarin tsami ne."

Matar mahauci, wadda ta fi mijinta faɗi, ta ɗauki famfon faci ta auna nauyinsa a hannu. Jijiya ya ce, to, a bisa shawarar iyalai, an ba su hutu har Asabar. Ranar Juma'a tsamin ya ninka na Alhamis.

Asabar da yamma fili ya cika maƙil. 'Yan tasha suka shigo suna ɗan gudu-gudu, suna juya kafaɗa, suna miƙa ƙafa a natse. Sai ga ƙungiyar layi. Sun jero a hankali, ƙafafu a ware, hannuwa a sandare, kamar an ɗinka musu wandunan katako. Daga bakin fili zuwa tsakiya ya ɗauke su minti shida. 'Yan kallo suka fara tafa musu a hankali daidai da takunsu.

A gefe Harsashi yana zaune da sandar dogarawa, yayarsa a kusa da shi. Kusa da su kuma ga likitar nan da akwatin agaji, ita aka roƙa ta kula da wasan.

Jijiya kuwa ya sha ado. Ya aro kayan motsa jiki na wani da bai kai shi jiki ba, wandon ya kama shi tsam. Ya je ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a! Kada tafiyarsu ta ruɗe ku! Ƙarfi ne ya yi musu yawa suke takawa a hankali don kada su fasa fili! Ni Sarkin Jijiya, ni na ɗura musu shi da hannuna!"

Wani daga cikin magoya bayan 'yan tasha ya ɗaga murya: "To kai me ka iya, mai faci?"

"Ni?"

"Kai! Nuna mana!"

Fili ya ɗauka: "Nuna! Nuna! Nuna!"

Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Likita ta buɗe akwatinta tun kafin a kira ta.

Jijiya ya ajiye lasifika, ya taka har tsakiyar fili, daidai inda ake ajiye ƙwallo. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya taɓa ganin wani a talabijin ya ware ƙafafu har ƙasa, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma bai ga wata wahala a ciki ba. Ya ja numfashi, ya daka tsalle, ya ware.

Aka ji ƙara biyu. Ta farko "ɓaaar", wandon ne. Ta biyu "ƙas", wannan daga cikin cinya ta fito.

Ya isa ƙasa kuwa, har ƙasa. Fili ya ɓarke da tafi. Jijiya yana zaune a ware kamar almakashi, baki buɗe, idanu sun firfito, hawaye na gangarowa. Aka yi ta tafi. Aka gaji aka daina. Yana nan.

Alƙalin wasa ya matso da ƙwallo a hannu. "Malam, mun gani. Tashi za mu fara."

"Ina zuwa," in ji Jijiya da wata 'yar siririyar murya.

"A kan wurin ƙwallo kake zaune."

"Ku fara daga gefe."

Alƙali ya juya ga ƙungiyar layi. "Ku ɗauke kocinku."

Mutum sha ɗaya suka kewaye shi. Kyaftin ya yi niyyar sunkuyawa, ya tsaya a rabi ya yi ƙara. Mahauci ya miƙa hannu, hannun ya ƙi zuwa. Mai walda ya ce shi ya yi rantsuwa ba zai sake tsugunawa ba a bana. Suka tsaya cirko-cirko suna kallonsa daga sama.

"Ƙarfin ne ya yi mana yawa," in ji malamin lissafi. "Muna tsoron kada mu fasa ka."

'Yan tasha ne suka zo su huɗu suka ɗaga shi yadda yake, a ware, suka kai shi bakin fili suna dariya har suna tuntuɓe. Wata mata ta yafa masa zane a inda wandon ya yi murabus.

Likita ta tsuguna ta taɓa bayan cinyar. Jijiya ya yi ihun da ya kori tsuntsaye daga kan raga.

"Ka ɗumama jiki kafin ka yi?"

"Rana ta ɗumama ni."

"Yaushe rabonka da motsa jiki?"

Matarsa ta amsa masa: "Ranar da kare ya bi shi. Shekara tara ke nan."

"Tsoka ta yage," in ji likita. "Sati takwas, in ka ji magana. A kai shi asibiti."

Gadon ɗaukar marasa lafiya ya yi masa kaɗan, domin ƙafafun sun ƙi haɗuwa. Sai aka kira mai baron da ya kawo farar ƙasar shata fili. Aka ɗora Jijiya a ciki, ƙafa ɗaya ta leƙo gaba, ɗaya ta leƙo baya, farar ƙasa ta bi shi har gira. Mai baro ya tura, matar tana biye da takalmansa a hannu.

Ba su kai bakin titi ba suka ji fili ya ɗauki sowa.

"Namu ne?" in ji Jijiya.

"Nasu ne," in ji matar.

Suka wuce rumfar aski, wata sowar ta tashi.

"Wannan fa?"

"Baban yara, golanku ko hannu ba ya iya ɗagawa. Ka daina tambaya."

A sowa ta biyar sun iso tsakiyar layi, inda duk wanda bai je kallo ba ya fito ƙofar gida. A nan tayar baron ta yi "fuuus", ta yi "ɗas", ta kwanta. Baro ya tuntsure, ya juye Sarkin Jijiya a gaban jama'a cikin gajimaren farar ƙasa.

Ya ɗago kai yana tofar da ƙura. "Wane ɗan iskan ne ya yi maka facin nan?"

Mai baro ya share gumi. "Kai ne. Jiya da yamma."

Jijiya ya dubi tayar, ya dubi mutane, ya gyara zanen da aka yafa masa.

"To ai facin ɗaukar yashi na yi maka. Ba ka ce min manyan mutane za ka ɗauka ba."

"Ku mayar min da shi ciki," in ji matarsa. "A tura shi a kan ƙarfen."

Haka aka yi. Baro ya kama hanyar asibiti yana ƙarar garau-garau, kowane dutse sai Jijiya ya yi ƙara. Amma duk ƙofar da suka wuce sai ya daure ya ɗaga wa mutane hannu.